Albashir Birkila, Wanda Ya Ƙi Yarda da Benenmu

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Albashir Na'Allah, wanda duk Illo ta sani da Albashir Birkila, yana da shekara arba'in da shida. Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. An tsince shi kwance a gindin sabon benen makarantar Islamiyyar unguwarmu, aka ce faɗowa ya yi daga sama, aka yi masa sutura bayan Azahar. Ni Bunyaminu, malami a wannan makaranta, abokinsa ne tun muna kiwon awakin iyayenmu, kuma ina cikin mutum uku da suka yi masa wanka. Yau kwana takwas ke nan. Ranar Asabar mai zuwa za a buɗe benen, kuma 'yan matan ajina, su sittin da biyu, su aka ba ɗakin sama. Shi ya sa ban jira sadakar arba'in ba na ɗauki alƙalami.

Albashir, ban san ta inda zan fara yabonka ba, don kai ba mutum ne mai sauƙin yabo ba. Kana da taurin kai, kana da gardama, kuma ba ka iya shiga gidan mutum ka fito ba ka gaya masa aibin katangarsa ba. Amma ban taɓa jin an ce ginin da ka yi ya tsage ba. Bulonka sai ya sha ruwa kwana bakwai, safe da yamma, kafin ka yarda a ɗora shi, ko da mai gida zai yi ta safa da marwa a kanka. Kafin ka fara jerawa kuma sai ka ɗauki guda, ka ɗaga daidai ƙirjinka, ka sake shi a ƙasa. In ya fashe, sai ka naɗe igiyarka, ka goge cokalinka, ka ce a kira ka in an samo bulo. Masu buga bulo da dama sun daina gaishe ka saboda wannan, kai kuwa ko a jikinka.

Na tuna daminar da ruwa ya rushe ɗakin Gwoggo Jannatu a Geza. Ba danginka ba ce, a kasuwa ka ji ana labarin tsohuwar da ke kwana a rumfar maƙwabta. Juma'a uku a jere, ranar hutunka, ka hau babur ka tafi can, ka kwaɓa ƙasa da kanka har ka tayar mata da ɗaki. Ranar da ka gama ta kama kazarta guda ɗaya tilo ta miƙa maka. Ka karɓa don kada ta ji kunya. Bayan wata huɗu ka mayar mata da ita a kwando da 'yan tsaki bakwai, ka ce mata kazar ta ƙi sabawa da ruwan Illo. Gwoggo Jannatu ta zo gaisuwa ranar uku, an riƙo ta a bayan babur, ita ta tuna mini da wannan tana kuka.

Aiki ya kai ka Yamai wurin wani kamfanin Turkawa, babban magininsu ya ga hannunka, ya tafi da kai ƙasarsu. Kana birnin Antakiya a watan Fabrairun 2023 lokacin da ƙasa ta girgiza. Mu a nan waya muka riƙa kallo, muna ganin benaye sun kwanta, matarka Mariyamu ta kwana huɗu ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Kai abin da ya tsirar da kai, bayan ikon Allah, shi ne ku ma'aikata a ɗakin kwano kuke kwana a filin aiki. Kwana goma sha uku ka yi kana tono mutane. Da ka dawo mun zaci labarin gawarwaki za ka ba mu, amma ba ka cika son maganarsu ba. Maganar kankare kake yi. Ka ce ka ɗauki guntun ginshiƙin bene mai hawa takwas ka murza shi da yatsu ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Ka ce mini: “Bunyaminu, girgiza daga Allah take, ban musa ba. Amma ga gida biyu jere, guda na tsaye hal labulenai bai motsa ba, guda ya kwanta bisa mutane. Ƙasa guda tag girgiza su. Wanga kam aikin hannun mutum na.”

Tun daga nan ba ka ƙara yarda da wani gini ba. Ƙaramar guduma ba ta barin aljihunka. Duk inda ka shiga sai ka ƙwanƙwasa bango, ka kara kunne, kamar mai sayen kankana. A masallacin Juma'a kusa da ƙofa kake zama. Muka sa maka suna Girgiza, kuma bari in faɗa tun yanzu, ni na raɗa maka shi, a teburin mai shayi, mutane suka kwashe da dariya na ji daɗi. Mukan ce maka ƙasar Kabi ba ta girgiza, ka kwantar da hankalinka. Kai kuma ka ce: “Ginin banza ba shi jiran girgiza. Ɗiya sittin su tashi gaba ɗaya su gaida malam, ta ishe shi.”

Wannan bene Alhaji Muktar ne ya ɗauki nauyinsa, ɗan kasuwar shinkafa da albasa, saboda Allah, don 'yan matanmu su bar karatu a rumfar kara. Ya sa ɗan ƙanensa Shamsu ya tsaya kan aikin. Kai ka yi harsashi, kai ka tayar da hawan ƙasa, kuma kowa ya shaida aikin. Matsala ta zo ne da aka zo zuba dakin, wato rufin kankaren da ɗakin sama zai zauna a kai. Simintin wannan aiki daga Malanbil ta ƙasar Benin aka ɗauko shi a jirgin ruwa. Kusa da Lolo jirgin ya sha ruwa, buhu fiye da arba'in suka jiƙe. Duk garin ya ji labarin, har an yi wa Alhaji jaje.

To, mu mutanen bakin iyaka mun saba da kayan da suka jiƙe a kogi. Shinkafa ta jiƙe a shanya ta. Gishiri ya dunƙule a daka shi. Sukari ma haka. Wurinmu zubar da kaya don sun taɓa ruwa almubazzaranci ne, ballantana kayan aikin Allah. Haka aka yi wa simintin nan. Aka baje shi a rana, ya ƙame ya zama duwatsu, aka tara mata a bayan wani gida suka daka shi a turmi, suka tankaɗe da rariya, aka gauraya da mai kyau, aka ɗura a buhu aka ɗinke. Ba na jin matan nan sun san suna yin wani laifi. Mu da yawanmu ma, har da ni mai karantar da 'ya'yan mutane, ba mu san cewa simintin da ya sha ruwa ya riga ya mutu ba, ko an daka shi ya yi laushin garin tuwo ba zai ƙara kama komai ba.

Kai ta hanyar turminku ka gane. Maƙwabciya ta aro shi wurin Mariyamu, ta dawo da shi bayan kwana uku, cikinsa toka-toka, bakin taɓarya duk ya cinye. Washegari ka je wurin aiki ka duba buhunan, ka ga bakinsu ɗinkin hannu ne, da irin zaren da ake ɗinke buhun albasa. Ka tsoma hannu ka ji tsakuwa-tsakuwa. Nan take ka ajiye cokali ka ce ba da kai ba. Ba a yi mako ba aka ɗauko wani birkila daga wani gari, ya zuba dakin a wuni guda, ya tafi.

Ka kawo ƙara gaban kwamitin makaranta, ni ne sakatare. Shamsu ya miƙe ya ce: “Wallahi wanda anka daka, ban-ɗaki da katanga anka yi da shi. Ko kwano guda bai hau bisa ba.” Ka ce ban-ɗaki biyu da 'yar katanga ba sa cin buhu arba'in, a nuna maka sauran. Ba wanda ya nuna. Alhaji ya ɓata rai ya ce shi dai ya yi don Allah, in ba a so ya janye hannunsa. Dattawa suka ba shi haƙuri, suka ce maka kada ka zama sanadin toshe alheri. Wani ya ce haushin an ba wani aikin ne ke cinka. Ni kuwa na rubuta a littafin taro cewa an saurari ƙorafi an kuma warware shi. Bayan nan ka riƙa zuwa kana tsayawa a ƙasa, kana zana gawayi duk inda ka hango tsaga a ƙarƙashin dakin, kana ɗaukar hoto da wayarka. Da aka zo fenti, wuraren gawayinka aka fara shafewa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a zaman makoki. Ranar Litinin, jajiberin rasuwarka, bayan La'asar ka same ni a ƙofar gida. 'Yarka Safina tana ajina. Ka ce ba za ta hau benen nan ba, kuma ka roƙe ni in ƙi karɓar ɗakin sama. Na gaji da maganar, ga shi an riga an raba katin buki. Na ce maka: “Kai dai kana tsaye ƙasa kana hwaɗin abin da ba ka gani ba. Ka taɓa hawa? Hau bisa ka buga gudumakka, in ka ji wani abu ka zo ka gaya muna.” Ka ce ka rantse ba za ka taka shi ba. Na ce sai ka yi kaffara, ina dariya. Sai ka ce: “Shi ke nan. Don Safina, gobe ina hawa.” Ni na tura ka, Albashir. Kwana takwas ke nan wannan magana tana cin raina.

Da hantsin Talata ina gona aka kira ni. Kafin in iso an ɗauke ka an kai gida. A ƙofar gidanku na ji labarin faɗuwarka iri uku. Shamsu ya ce tsani ne ya goce da kai. Wani ya ce jiri ya ɗebe ka a baranda, wai dama kana da hawan jini, ciwon da ni abokinka ban taɓa jin kana da shi ba, Mariyamu ma ba ta taɓa ji ba. Na uku ya ce santsin sabon fenti ne. Mutum ɗaya aka tabbatar yana wurin, shi ne mai fenti, wani ɗan ƙetare. Na ce a kira shi, aka ce ai ya tsallaka Benin tun kafin Azahar, uwarsa ba lafiya. Daga nan na sha jinin jikina.

Na san ƙa'ida, ni ke karantar da ita: mai wankan gawa ba ya fitar da abin da ya gani. Na juya wannan a raina kwana da kwanaki. Abin da aka hana shi ne tona aibin mamaci, abin da na gani kuwa ba aibinka ba ne. Gashin kanka cike yake da ɓarɓashin kankare, sai da muka canza ruwa sau uku. Cikin hannuwanka biyu a ɗaye yake daga gwiwar hannu zuwa tafi, irin na wanda ya rungumi bakin wani abu yana zamewa. Akwai rauni a bayanka, na faɗuwa. Akwai kuma wani a ƙirjinka, faffaɗa, wanda ba ƙasa ce ta yi shi ba, don mutum ba ya faɗuwa ta baya da ta gaba lokaci guda. Wani abu mai nauyi ya biyo ka daga sama. Sauran biyun da muka yi wankan tare sun gani. Na ɗaga kai na dube su, kowa ya sunkuyar da nasa.

Da muka dawo daga maƙabarta ban bi mutane zuwa gidan makoki ba, na zarce makaranta. An share wurin da ka faɗi tas, an yayyafa ruwa. Aka ce saboda jini ne, na yarda. Amma ban ga tsanin da aka ce ya goce ba. Da na ɗaga kai, a kusurwar barandar sama ta arewa, daidai saman inda aka tsince ka, ga sabon shafe ɗanye, faɗin tabarma, an tokare shi da katako biyu daga ƙasa. Ranar Litinin babu shi, ta nan nake bi kullum. Wato lokacin da muke zuba maka ƙasa, wani yana nan yana kwaɓa siminti. Shamsu bai je maƙabarta ba. Ya zo gaisuwa bayan La'asar da sabuwar riga, ya ba ni hannu, na ji tafinsa a bushe ƙamas irin na wanda ya wuni cikin siminti. Ba a ga wayarka ba har yau. Gudumar ma ba a gani ba.

Duk wanda na tunkara da tambaya amsa ɗaya yake ba ni, wai kwananka ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ko a gado kake ranar nan za ka tafi. Amma ni ba kwananka nake tambaya ba. Tambayata ita ce mene ne ya karye a ƙarƙashin ƙafarka, kuma don me aka yi gaggawar rufe shi.

Ban ce wani ya tura ka ba, ba ni da shaidar haka, kuma ba na zaton haka. Ban kuma ce Alhaji Muktar ya san abin da aka zuba a rufin nan ba. Na ga hawayensa a maƙabarta, kuma buhun shinkafar da aka yi sadakar uku da shi daga wurinsa ya fito. Sai dai ranar ukun, bayan an shafa fatiha, ya ja ni gefe ya ce: “Malam, marigayi bai bar wata takarda hannunka ba? Ko hotuna?” Na ce a'a. Ya ce to madalla, sannan ya gyara ya ce yana nufin Allah Ya jiƙan ka. Mai yiwuwa ba komai a ransa. Ni dai tun ranar ko sallama aka yi mini sai na auna ta.

Ranar Lahadi na roƙi kwamiti a ɗaga bukin, a ɗauko injiniya daga Birnin Kebbi ya duba rufin. Aka ce baƙi sun riga sun amsa gayyata daga Bagudo har ƙetare, an kama rumfuna, ba a fasa abin alheri don zato. Aka ce bayan buki za a duba. Da na nace sai wani dattijo ya kawo shawarar a sa wa ɗakin sama sunanka, don girmamawa, tunda kai ka yi harsashin. Aka yi kabbara aka amince. Yanzu haka ana rubuta allon da za a kafa a ƙofar ɗakin da ka mutu kana ƙoƙarin hana yara shiga. Wannan karon ban rubuta komai a littafin taro ba, na rufe shi na ajiye musu.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Da mutane suka ragu Mariyamu ta aiko a kira ni, na tsaya daga bakin ƙofa, tana ciki bayan labule. Ta ce: “Malam, shi kam ya ce kar Safina ta hau. Amma kai ab babanta yanzu. Asabar in shirya ta?”

Sai na gaya mata abin da ya faru ranar Litinin, jajiberin rasuwarka, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce in fita. Sai ta ce: “Na sani. Ya gaya min. Cewa yay yi Malam na da gaskiya, ba a shaida bisa abin da ba a gani ba.”

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na share idona na ce mata kada Safina ta zo, ta zauna gida. Har na juya zan tafi sai na ji ta ce: “To Malam, sauran ɗiyan mutane hwa?”

Wannan tambaya ce ta sa na rubuta takardar nan, kuma zan sa a karanta ta duk inda aka yarda a karanta. Ni ba injiniya ba ne, ban iya sauraron bango ba. Mai yiwuwa benen nan ya shekara hamsin a tsaye, in zama abin nuni a gari. Na yarda da wannan. Iyayen yarana, kun san ni, shekara goma sha tara ina karantar da 'ya'yanku ban taɓa cewa ku hana su zuwa makaranta ba. Yau ina cewa ku bar su a gida ranar Asabar. Wadda ta zo kuma za ta same ni zaune a matakalar farko, kuma ba zan tashi don baƙo ko don dattijo ba, sai an kawo wanda ya san aikin, ya fasa wancan sabon shafen a gaban jama'a, kowa ya ga abin da ke ciki. In kwamiti ya ga dama ya sallame ni, hakkinsa ne.

Albashir, ka yafe mini. Ka faɗi gaskiya muka mayar da kai abin dariya, kuma ni na fi kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Gaji, wadda ta binne ɗa na biyu ke nan, da matarka Mariyamu, da 'ya'yanka Abdulrashid da Safina da Sadiya, da ƙanenka Lauwali, da duk birkilolin da suka koyi riƙe cokali a hannunka daga Illo har Matsinkai. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan, Ya tsaya musu. Ya Allah Ka gafarta wa bawanka Albashir, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi ladan waɗanda gini ya faɗa wa. Ka saka masa da kowane ɗaki da ya tayar wa marar ƙarfi, da kowane rai da ya tono da hannunsa a ƙasar da ba tasa ba. Wanda ya san gaskiyar abin da ya faru ranar Talata, Allah Ka buɗe bakinsa tun da sauran lokaci. Ka sa Albashir ne na farko kuma na ƙarshe da za mu ɗauko daga gindin benen nan. Amin.